Folda a kwamfutar ofis, akwatin NAS ko Google Drive: wanne zai rage maka rigimar izini?

Ƙaramin ofis mai kwamfuta huɗu zuwa goma, na makaranta ne ko na kemis ko shagon buga takardu, ba ya daɗewa kafin yawo da filash ya gundure shi. Wannan ya kwafa ya kai wa wancan, wancan ya gyara ya manta bai mayar ba, ƙarshen wata a tarar da kwafi uku na lissafi guda, kowanne da tasa jimillar. Daga nan sai a ce a haɗa kwamfutocin su riƙa ɗiba daga wuri ɗaya. Hanyoyin da aka fi bi uku ne: a buɗe folda a ɗaya daga cikin kwamfutocin Windows da ke ofis, ko a sayo akwatin ajiya da ake kira NAS a jona shi da rawuta, ko a zuba komai a Google Drive ko OneDrive. Dukkansu suna aiki. Bambancinsu yana fitowa ne ranar da wani ya danna folda ta ce ba shi da izini, a ga tsawon lokacin da za a ɓata kafin a gano dalili.

Ni ma'aunina a kansu tambaya ɗaya ce: ina jerin sunayen masu shiga yake zaune, kuma wa ke riƙe da shi? Galibin abin da ake kira matsalar izini daga nan yake tasowa. Idan sunayen suna warwatse a kwamfuta biyar, matsalar ma a wuri biyar za ka neme ta.

Folda a kwamfutar Windows

Ita ce hanyar da kowa ke fara bi, don ba ta cin ko kwabo. Ka danna folda da maɓallin dama, ka shiga Properties, ka buɗe Sharing, shi ke nan. A ƙarƙashin wannan sauƙin akwai ƙa'idar sadarwa da ake kira SMB, mai bi ta ƙofa mai lamba 445, kuma kafin fayil ya buɗu a wata kwamfutar sai an tsallake matakai uku. Mai gyaran da bai rarrabe su ba zai wuni yana canza izini alhali kwamfutocin ko ganin juna ba sa yi.

Na farko shi ne ganin junan. Windows yana ɗaukar kowace sabuwar hanyar sadarwa a matsayin Public ko Private, kuma idan ta faɗa Public, katangar tsaronsa tana ɓoye kwamfutar, ta rufe raba fayil. An canza rawuta, ko an koma Wi-Fi ɗin waya saboda data ta ƙare, sai kwamfutar ta ɗauka sabon wuri ta zo. Gwajin da ke raba gardama gajere ne: danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta adireshin kwamfutar da foldar take, misali \\192.168.1.20, ka danna Enter. In ta buɗu da lamba amma ta ƙi buɗuwa da suna, to izini lafiyarsa lau, gano suna ne ya samu matsala. In aka nuna maka 0x80070035, cewa ake ba a ga hanyar ba ma. Sai ka duba adireshin kowacce da umarnin ipconfig. Ɗaya tana 192.168.0.5, ɗayar tana 192.168.1.20? To rawuta biyu ne a ofis ɗin, kowacce da mutanenta. Adireshin da ya fara da 169.254 kuwa alama ce cewa kwamfutar ba ta samu lamba daga rawuta ba sam, watakila kebul ya saki. Wasu ƙananan MiFi, da sashen baƙi na rawutoci da yawa, da gangan suke hana na'urorin da ke kansu magana da juna, kowa intanet kawai yake samu.

Mataki na biyu, kai wane ne? Nan ne raunin wannan hanyar yake. A ofis ɗin da ba shi da babbar saba, kowace kwamfuta da nata jerin sunaye, ba ruwanta da na maƙwabciyarta. Idan akawu yana son shiga foldar da ke kwamfutar sakatariya, suna da kalmar sirrin da ke kwamfutar sakatariya ake tambayarsa, shi kuma nasa yake ta rubutawa. Asusun da ba shi da kalmar sirri Windows ba ya barin a shige shi daga nesa, kuma kwamfutocin ofisoshinmu da yawa haka suke, kunnawa kawai ake yi a fara aiki. Wanda yake shiga da asusun Microsoft, lambar PIN ɗinsa ba ta aiki a nan, sai adireshin imel da ainihin kalmar sirrin, wadda sau da yawa ya manta tun ranar da aka kafa masa. Sannan Windows yana riƙe tsohuwar kalmar sirri a Credential Manager, ya ci gaba da miƙa ta ko bayan an canza. Akwai kuma kuskure mai lamba 1219, wanda ke fitowa idan ka nemi shiga kwamfuta guda da suna biyu a lokaci ɗaya. Maganinsa umarnin net use * /delete, sai a sake shiga da suna ɗaya.

Na uku ne ainihin izinin, kuma ninki biyu ne. Akwai na shafin Sharing, akwai na shafin Security, wanda tsarin faifai na NTFS ke kula da shi. Kamar gida ne mai zaure: Sharing ƙofar zaure, Security ƙofar ɗaki. Wanda aka buɗe wa zaure aka kulle masa ɗaki, a tsakar gida zai tsaya. Windows yana duba biyun ya ɗauki wanda ya fi tsauri. Shi ya sa za ka ji ana cewa, “Malam, na ba shi Full Control da hannuna, amma ya ce ba ya iya ajiyewa.” An ba shi a Sharing, amma a Security karatu kawai aka yarje masa, sai ya buɗe takarda ya yi aikin awa guda, ya zo ajiyewa a nuna masa 0x80070005. Masu aikin sun saba sassauta Sharing, su yi duk takurawar a Security, don a san wuri ɗaya ake dubawa. Cikin Advanced akwai shafin Effective Access, inda za ka sa sunan mutum ya nuna maka abin da zai iya da wanda ba zai iya ba. Da mutane sun san shi, da rabin kiran waya ya ragu.

Akwai wasu tarkuna da ba sa bayyana sai an yi watanni. Fayil ɗin da aka kwafa zuwa folda yana gadon izinin foldar, amma wanda aka ja daga Desktop zuwa foldar a kan faifai guda sau da yawa da tsohon izininsa yake tafiya, sai a ga fayil ɗaya tak ya ƙi buɗuwa a tsakiyar ɗari da ke buɗuwa. Deny, wato hani, yana rinjayar Allow, wato yarda, don haka wanda ya sa wa rukunin Users Deny don ya hana mutum ɗaya, har kansa ya hana. Ga kuma al'adarmu ta yi wa kwamfuta fomatin da zarar ta fara nauyi. Windows ba da suna yake gane mutum ba, da wata doguwar lamba ce mai farawa da S-1-5-21. Bayan fomatin, ko ka sake buɗe asusu da suna iri ɗaya, lambar sabuwa ce, tsofaffin foldojin da ke ɓangaren D ba su san shi ba. Sai an karɓi mallakarsu an sake raba izini daga tushe. Idan kuma foldar a kan filash ko faifan waje mai tsarin FAT32 ko exFAT take, shafin Security babu shi gaba ɗaya.

Iyakokinta kuma sanannu ne. Windows 10 da 11 ba sa karɓar fiye da haɗi 20 a lokaci ɗaya, wanda ya ishi yawancin ƙananan ofisoshi. Abin da ya fi damu shi ne kwamfutar tana da mai ita. Ya tashi salla ta yi barci, foldar ta ɓace wa kowa. Laptop ce ya tafi da ita gida, aiki ya tsaya. Rawuta ta mutu ta dawo, ta ba ta sabuwar lamba, duk gajerun hanyoyin da aka yi sun lalace, sai fa in an ware mata lamba ta dindindin a cikin rawutar. Kuma abin da aka goge ta hanyar sadarwa ba ya shiga Recycle Bin, ya tafi ke nan.

Idan gajiya ta kama mai gyara, abin da yake yi sananne ne: ya kashe Password protected sharing, ya ba Everyone cikakken iko, ya kunna SMB1, tsohuwar sigar SMB, kowa ya yi murna. Ban ga laifin murnar ba, amma ta kafar SMB1 ce manhajar garkuwa da fayiloli ta WannaCry ta bi a watan Mayun 2017, ta bazu a ƙasashe sama da 150, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Daga sigar 1709 ta Windows 10 Microsoft ta fara cire SMB1, a 2018 ta cire HomeGroup, sauƙaƙƙen tsarin raba fayil da mutane suka saba da shi, sannan a sigar 24H2 ta Windows 11 ta wajabta sa hannun tsaro a saƙonnin SMB, ta kuma toshe shigar baƙo marar kalmar sirri a Windows 11 Pro. Ofisoshi da dama sun wayi gari foldar da ta shekara tana buɗuwa ta ƙi, ba wanda ya taɓa komai, sabuntawa ce ta sauka da dare. Ana iya mayar da saitin baya, amma iyo ne a kan ruwan da ke gangarowa. Inda abin ke da wuya shi ne tsofaffin injinan fotokwafi na hannu da ke tura sikanin zuwa folda, domin da yawansu SMB1 kaɗai suka iya. In injin yana iya turawa ta imel ko FTP, wata hanyar tura fayil ta daban, gara a bi can da a buɗe wa dukan ofis tsohuwar kafa saboda inji ɗaya.

Akwatin NAS

NAS ƙaramar kwamfuta ce marar allo, mai ramin faifai biyu ko huɗu, ba ta da aiki sai ajiya da rabawa. Synology da QNAP su ne sunayen da aka fi ji. Ita ma NAS da SMB take aiki, saboda haka matakin farko na ganin juna yana nan, sai ka ware mata lamba kamar yadda za ka yi wa kwamfuta. Abin da ta sauya shi ne mataki na biyu da na uku. Jerin sunaye ɗaya ne, a cikinta yake, ta burauza kake shiga ka gan shi. Ka buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa, ka haɗa su rukuni rukuni, masu kuɗi daban, malamai daban, kowace folda ka zaɓa mata ɗaya cikin uku: ba shiga, karatu kawai, ko karatu da rubutu. Ma'aikaci ya bar aiki, ka rufe asusunsa a wuri ɗaya. An yi wa kwamfutar akawu fomatin sau goma, ba abin da ya shafi izini. Ranar da wani ya ce an hana shi, shafi ɗaya za ka buɗe.

Tana da kwandon shara na kowace folda idan ka kunna, kuma samfura da yawa suna ɗaukar hoton yanayin fayiloli lokaci lokaci, ta yadda za a iya komawa yadda folda take jiya da safe idan wani ya rubuta a kan lissafi ko bairos ya kulle shi. Wannan kaɗai ya isa dalilin saye ga wanda ya taɓa rasa aikin wata guda.

Kuɗinta ne matsala, domin farashin yana bin dala, kuma galibi faifan daban ake saya. Sai wuta. Akwatin mai faifai biyu ba ya cin wuta sosai, yawanci ƙasa da wat 30, inbata ko sola ƙarama za ta riƙe shi tare da rawuta. Abin da ba ya jurewa shi ne ɗaukewar wuta yana tsakiyar rubutu. Kada ka sayi NAS ba tare da UPS ba, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, kuma ka nemi mai kebul ɗin USB da zai sanar da akwatin ya kashe kansa kafin batir ya ƙare. Zafin bazara da ƙurar hunturu ma ba sa raga wa faifai, a sa shi inda iska ke ratsawa, a riƙa kaɗe masa fanka.

Abu biyu ake yawan ruɗuwa a kansu. Faifai biyu masu kwafin juna, wato RAID 1, suna kare ka ne daga mutuwar faifai ɗaya kawai. Abin da aka goge ya gogu a duka biyun, ɓarawon da ya ɗauki akwatin kuma da duka biyun ya tafi. Na biyu, kada ka buɗe wa akwatin ƙofa zuwa intanet kai tsaye don ka riƙa shiga daga gida. A 2022 manhajar DeadBolt ta kulle fayilolin dubban akwatunan QNAP da aka bari a buɗe haka.

Wanda ba shi da kuɗin akwati amma yana da tsohuwar kwamfuta da ɗan sanin Linux zai iya haɗa nasa da Samba, manhajar da Andrew Tridgell ya fara a 1992, wadda yawancin akwatunan NAS ma ita suke amfani da ita a ciki. OpenMediaVault da TrueNAS suna ba ta fuska ta burauza. In da hannu za ka rubuta smb.conf, fayil ɗin saitin Samba, ka sani ninki biyun nan ya dawo: abin da saitin valid users da write list na cikinsa suka yarda, da abin da izinin Linux na foldar ya yarda. Mutum yana buƙatar asusun Linux, sannan a sa masa kalmar sirrin Samba da smbpasswd. Ƙorafin da aka fi kawowa shi ne ɗaya ya ƙirƙiri fayil, abokin aikinsa ya kasa gyarawa, kuma saitin force group da create mask ne ke warware shi. Hanya ce mai kyau ga ofis ɗin da mai haɗa ta yake zaune a ciki. In yaron da ya haɗa ya tafi bautar ƙasa, an shiga uku.

Google Drive da OneDrive

Nan matakin farko ya faɗi gaba ɗaya. Ba ruwanka da Public ko Private, ba ruwanka da lambar rawuta, wanda ke Kano da wanda ke Maraɗi folda ɗaya suke gani, har a waya. Izinin ma a fili yake: a Drive mutum ko mai kallo ne, ko mai sharhi, ko mai gyara. Mutum biyu suna iya aiki a takarda ɗaya lokaci guda, ana iya komawa tsohuwar siga, abin da aka goge yana kwana 30 a kwandon shara. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive 5.

Rigimarsa ta mallaka ce. A asusun kyauta, fayil na wanda ya ɗora shi ne, ko da a foldar oga ya sa shi, kuma daga ma'ajiyarsa ake cirewa. Sakatariya ta yi shekara uku tana ɗora takardun ofis da Gmail ɗinta, ranar da ta bar aiki takardun nata ne a idon Google. Wani ofis ɗin kuma asusu ɗaya kowa ke shiga, lambar tabbatarwa tana zuwa layin wayar mutum ɗaya, ya yi tafiya ko layin ya ɓata, kowa ya tsaya. Maganin wannan shi ne asusun kamfani na biya, inda ake da foldojin da ofis ne ya mallaka, amma biyan na kowane mutum ne kowane wata. Sai zaɓin nan na duk mai riƙe da mahaɗi ya shiga, wanda ake kunnawa don a huta da masu neman izini. Mahaɗin ya shiga zauren WhatsApp, ka daina sanin wa ke karanta albashin ma'aikata ko bayanan marasa lafiya, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane. Ƙaramar matsalar da ta fi yawa kuwa, mutum yana da Gmail biyu a waya, an ba ɗaya izini, yana buɗewa da ɗayan.

Akwai abin da bai kamata a sa a can ba ko kaɗan: fayil ɗin manhajar lissafi ko rumbun bayanai da mutane da yawa ke buɗewa tare, irin na Access ko QuickBooks na kwamfuta. Irin waɗannan suna dogara da kulle na nan take da SMB ke bayarwa. Manhajar Drive ko OneDrive da ke daidaita fayilolin kwamfuta da na intanet ba ta san wannan ba, sai ta haifar da kwafi biyu masu saɓani, ko ta lalata fayil ɗin. Manyan fayiloli ma haka. Mai aikin bidiyon biki ko zanen allon talla, kebul mai gudun gigabit yana kwashe masa kusan megabait 110 a daƙiƙa a cikin ofis ba tare da ya ƙona data ba. Ya gwada ɗora wannan a intanet da layin waya ya gani.

To wanne za a ɗauka?

Mutum biyu zuwa huɗu, duk abin da ke foldar kowa yana iya gani, kuma akwai kwamfutar tebur da ba ta motsi: foldar Windows ta wadatar, da sharaɗin a yi ta da tsari. A buɗe wa kowa asusu mai kalmar sirri a kwamfutar da ke riƙe da foldar, a hana ta barci, a ware mata lamba, a sa foldar a tushen faifai kamar D:\Ofis maimakon cikin Desktop ɗin wani. A lura Windows 10 ya daina samun sabuntawar tsaro ta kyauta ga kowa tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 7 kuwa tun Janairun 2020, don haka tsohuwar da aka jingine a kusurwa ba ita ce za a ɗora wa amanar ofis ba.

Da zarar an kai mutum biyar ko shida, ko aka samu folda ɗaya da ba kowa zai gani ba, ko ma'aikata suna yawan sauyawa, ni NAS zan ce. Tsadarsa sau ɗaya ce, kuma abin da kake saya shi ne jerin sunaye guda a wuri guda. Wasu za su kawo maganar Windows Server da domen, wato babbar saba mai riƙe sunayen kowa a wuri ɗaya. Yana warware matsalar sunaye fiye da kowa, amma lasisinsa da kulawarsa sun fi ƙarfin ofis mai kwamfuta takwas.

Drive ko OneDrive na ofis ɗin da aikinsa wasiƙu ne da jadawali, mutanensa kuma ba sa zama wuri ɗaya. Ga sauran, matsayinsa na biyu ne: NAS ko kwamfutar ofis ta riƙe aikin yau da kullum, muhimman foldoji su riƙa hawa intanet da dare a matsayin kwafin ajiya, da asusun da ofis ya mallaka, lambar tabbatarwa kuma a layin da ke hannun mai ofis.

Ko wacce aka zaɓa, kada a sallami mai haɗawa sai an yi gwaji a gabansa, kuma ba da asusun oga ba, domin shi komai yana buɗe masa. A zauna a kwamfutar ma'aikaci mafi ƙarancin izini, ya ƙirƙiri fayil, wani ya gyara shi daga wata kwamfutar, na uku ya goge, a ga ko za a iya dawo da shi. Ya gwada shiga foldar da aka hana shi, a tabbatar ta ƙi. Sannan a kashe rawuta da dukan kwamfutocin, a kunna, a sake gwadawa. Sunayen asusun, da lambar na'urar, da wanda ke cikin kowane rukuni, a rubuta su a takarda a sa a durowar da ke da makulli.